"An cire mini, bai shiga ba": ina kuɗin turansfa ke maƙalewa?

Duk wanda ya yi awa guda a Kasuwar Monday ko kasuwar kifi ta Baga Road a Maiduguri ya taɓa jin wannan musu. Mai saye ya miƙa waya yana nuna rasit: "Alhaji, ga shi an cire mini." Mai shago ya duba tasa, ya girgiza kai: "Ni dai ban ga alat ba." Kaya na ɗaure a leda, ba a ɗauka ba, ba a mayar ba. Sau da yawa kuma babu maƙaryaci a cikinsu.

Turansfa ta zama ruwan dare a Maiduguri ne tun farkon 2023, lokacin da sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000 ya sa tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Mai shayi da mai Keke Napep duk suka manna lambar asusu inda kowa zai gani. Ana cikin wannan ƙunci gobara ta cinye Kasuwar Monday ranar 26 ga Fabrairu. Kaya sun ƙone, amma abin da ke cikin asusu wuta ba ta kai gare shi ba. Daga nan 'yan kasuwa da dama ba su sake waiwaya ba.

To ina kuɗin ke tsayawa? Idan ka danna "tura", ba kuɗi ke fita daga wayarka ba, domin da ma ba a cikinta suke ba. Saƙo ne ke fita. Zai hau turken sadarwa mafi kusa, ya isa kwamfutocin bankinka. Bankin ya rage lissafinka, ya miƙa umarnin, galibi ga NIBSS, kamfanin da Babban Bankin Najeriya da sauran bankuna suka mallaka, wanda ke gudanar da tura kuɗi nan take tun 2011. Shi kuma ya kai wa bankin Alhaji, ya jira amsa. Duk wannan cikin daƙiƙoƙi ne. Idan cunkoso ya yi yawa ko amsar ta makara, sai a tsaya a tsakiya: an cire a nan, ba a rubuta a can ba. Ko dai su faɗa daga baya, ko a dawo maka da su. Shi ya sa tura kuɗi tsakanin masu banki ɗaya ya fi sauri, saƙon bai fita gida ba.

Alat kuwa ɗan aike ne daban. Sai an gama komai ake tura shi, yana iya makara, yana iya ɓata a hanya, kuma ɗan damfara na iya ƙirƙiro irinsa. Rasit ɗin da ke kan wayar mai saye ma hoto ne. Shaidar gaskiya ita ce ragowar kuɗin da mai shago ya gani da idonsa a manhajar bankinsa. Idan kuwa abu ya maƙale, a adana doguwar lambar nan mai alƙaluma 30 da ke jikin rasit, da ita banki ke bin sawun kuɗin.

Mutanen Maiduguri sun san raunin wannan sarƙa fiye da kowa. A watan Mayun 2013, bayan ayyana dokar ta-ɓaci, an katse layukan waya a Borno na tsawon watanni. A Janairun 2021 mahara suka tarwatsa turakun lantarki a hanyar Damaturu, aka gyara a Maris, suka sake rusa su cikin kwanaki, rumfunan cajin waya suka cika maƙil. Ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Gwange da Kasuwar Monday. Wanda ya tsira ba waya, kuɗinsa na nan, amma sai ya dawo da layinsa kafin ya taɓa su ta waya, kuma dawo da layi na buƙatar lambar NIN.

Akwai kuma batun sirri. A OPay da PalmPay, lambar asusu ita ce lambar waya in an cire sifirin farko, kuma duk wanda ya shigar da ita zai ga cikakken sunan mai ita. Matar da ke sayar da abinci, idan ta ba baƙo asusunta, ta ba shi sunanta da layinta ke nan. Gobe sai a kira ta da suna, a ce daga banki ne, a nemi lambar sirri. Banki ba ya tambayar wannan ta waya.

A shagon Alhaji kuwa, yadda musun zai ƙare ya danganta da wanda ke tsaye. In baƙo ne, sai a ba shi benci ya jira. In ɗan unguwa ne, sai Alhaji ya tura masa ledar: "Tafi da kayanka, in bai shiga ba na san gidanku."