3.2 Matsayin Harshen Gida da Al'ada a Tallafin Farko ga Yaran Hisfanik Masu Lalurar Otizim

A wannan sashe za a duba yadda harshe da al'adar iyaye suke shafar tallafin da ake bai wa ƙananan yara masu lalurar otizim a cikin al'ummar Hisfanik ta Amurka, wato mutanen da asalinsu ya fito daga Meziko da Kyuba da sauran ƙasashen da ake magana da Sifaniyanci. Ƙidayar 2020 ta nuna cewa yawansu ya haura miliyan 62. Ita kuwa otizim, wadda Leo Kanner ya bayyana a 1943 bayan ya nazarci yara 11, lalura ce da take shafar yadda yaro yake sadarwa da cuɗanya da mutane, tare da yawan maimaita wasu ɗabi'u. Wasu kafafen watsa labarai kan kira ta galahanga, to amma an guji kalmar a nan saboda ana amfani da ita ga wasu lalurori daban.

Ta fuskar doka, an yi tanadi. A 1986 Majalisar Dokokin Amurka ta faɗaɗa dokar ilimin yara masu naƙasa ta haɗa da jarirai daga haihuwa zuwa shekara 3, kuma a 1990 aka sauya mata suna zuwa IDEA. Ƙa'idojinta sun ce a tsara tallafin tare da iyali, a kuma gwada yaro da harshen gidansu muddin hakan zai yiwu. Sai dai abin da yake a takarda daban, abin da uwa take tararwa a asibiti daban. Zuckerman da abokan aikinta (2013) sun gano cewa kusan ɗaya cikin 10 ne kawai na likitocin yara da suka tambaya a jihar Kalifoniya suke yin gwajin girman yaro da na otizim duka biyu da Sifaniyanci yadda aka shar'anta. An daɗe alƙaluman hukumar CDC suna nuna ƙarancin lalurar a tsakanin yaran Hisfanik, amma alƙaluman 2020 suka juya: kashi 3.2 cikin ɗari na 'yan shekara 8, alhali na farar fata kashi 2.4 ne. A ganin mai wannan nazari, yaran suna nan tun can, ganinsu ne ba a yi ba.

Babbar matsalar ita ce ta harshe. Sau da yawa akan shawarci iyaye su daina yi wa yaro Sifaniyanci su koma Ingilishi zalla, wai harsuna biyu za su rikita shi. Hambly da Fombonne (2012) sun kwatanta yara masu otizim da suka tashi da harshe ɗaya da masu harsuna biyu, ba su sami wani ƙarin jinkirin magana ga masu biyun ba. Illar waccan shawara kuwa a fili take. Uwar da Ingilishinta bai nuna ba, in an hana ta harshenta, sai ta rage magana da ɗanta baki ɗaya. Rarrashi da waƙar reno da tsawa duk su koma guntayen kalmomi. Kakar da take rainonsa da rana ta zama baƙuwa gare shi. Ke nan yaron da tun asali yake fama da sadarwa an ƙara toshe masa ƙofa a cikin gidansu.

Sai kuma ladabin da suke kira respeto, wato girmama manya da masu ilimi. Uwa kan gyaɗa wa likita kai ba don ta gamsu ba, sai don musu da shi rashin ɗa'a ne, shi kuma ya rubuta cewa ta amince. Haka nan ƙin haɗa ido yana cikin alamomin da ake dubawa, alhali a wasu gidajen sunkuyar da kai gaban babba tarbiyya ce. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, domin kunya haka ta koyar da shi. Mai gwaji da bai san wannan ba zai iya ɗaukar ladabi a matsayin alama, ko iyaye su ɗauki alama a matsayin ladabi.

Daga cikin hanyoyin da aka gwada akwai shirin Parents Taking Action na Sandra Magaña. Maimakon a jira uwa ta je ofis, sai a horar da wata mace daga cikin al'ummar, wadda ita ma take da ɗa mai otizim, ta riƙa zuwa gida tana koyar da ita da Sifaniyanci: mene ne otizim, waɗanne haƙƙoƙi doka ta ba ta, da yadda za ta mayar da lokacin wanka ko cin abinci lokacin koyon magana. Irin waɗannan mata su ake kira promotoras. Tambayar da uwa take jin nauyin yi wa likita, takan yi wa 'yar'uwarta mace a kan teburin kicin. Amma wannan mata ba likita ba ce, ba ta iya tabbatar da lalurar, don haka uwar tana nan dai tana jiran layin ƙwararre mai jin harshenta.