Girgizar Ƙasa da Ciwon Naƙuda

Duk sa'ad da ƙasa ta motsa a wani yanki na duniya, kafin a gama tono gawarwaki saƙonni sun cika WhatsApp: alama ta bayyana, ƙarshen zamani ya zo. Masu turo su ba ƙage suka yi wa Littafi Mai Tsarki ba. A Matiyu sura 24, da Markus 13, da Luka 21, almajirai sun tambayi Yesu alamun abin da ke tafe, ya ambaci yaƙe-yaƙe da yunwa da girgizar ƙasa. Musulmi ma suna da hadisin da ya sa yawaitar girgizar ƙasa cikin alamomin tashin kiyama, shi ya sa saƙon ke ratsa gidan kowa. Abin da ake tsallakewa shi ne, a Matiyu da Markus, Yesu ya kwatanta waɗannan abubuwa da somawar naƙuda.

Wanda ya tashi a gidan yawa ya san wannan. Mai cikin fari mara ta murɗa mata cikin dare, ta tayar da gida da salati, a tura yaro ya taso ungozoma. Tsohuwa ta iso tana gyara ɗaurin zane, ta shafa cikin, ta ce, "Haba 'yar nan, da sauranki. Tashi ki yi ta zagaya tsakar gida." Ba ta ƙaryata ciwon ba, kuma ta san haihuwa na nan tafe. Amma ba ta ɗora ruwan zafi don murɗa ɗaya. Zama take ta ga ko ciwon yana zuwa a kai a kai, ko faya ta fashe. Wata ma sai ta ƙara mako biyu tana daka da wanke-wanke.

To, ciwon duniya yana matsowa kusa da kusa ne? Hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, ta ce tun wajen 1900 lissafin bai sauya sosai ba: a shekara ana sa ran manya kusan 15 masu ƙarfin maki 7 da ɗoriya, da guda mai maki 8 ko fiye. Na'urorin awo ne suka yawaita, birane suka cika, waya ta shiga kowane aljihu. Motsin da ya firgita mutanen Mpape a Abuja a Satumban 2018, da a zamanin kakanninmu ne, da labarinsa bai wuce 'yan ƙauyukan gefen dutse ba.

Ni a ganina girgizar ƙasa alama ce, tunda nassi ya faɗa, sai dai ba irin wadda ake cire kwanan wata daga cikinta ba. Surar Matiyu ɗin da kanta ta ce ranar ba wanda ya san ta sai Uba. Dubi Antakiya, garin da aka fara kiran almajirai Kirista. Girgiza ta rushe shi a shekara ta 115, har Sarkin Rum Tirajan ya sha da ƙyar. Ta sake a 526, marubutan lokacin suka ce mutum wajen 250,000 ne suka mutu. Wa zai ga laifin wanda ya tsira ranar in ya ce duniya ta tashi? Ranar 6 ga Fabrairun 2023 garin ya sake zubewa, cikin girgizar da ta kashe fiye da mutum 50,000 a Turkiyya da Siriya. Garin yana zaune ne kusa da tsagar da farantin ƙasar Larabawa ke gogar na Anatoliya, kuma da ƙura ta lafa, 'yan kwangilar da suka yi algus a ginin benaye hukuma ta shiga kamawa.