Awa biyu a ƙarƙashin bishiyoyi: Darasi daga baƙaƙen matasan Amurka da Ingila

Idan kana yawan leƙa Instagram ko TikTok, wataƙila ka taɓa cin karo da su: gungun 'yan mata baƙaƙen fata ɗauke da jakunkunan goyo a tsakiyar wani daji a Ingila, ko matasa Musulmi sun yi sahu suna sallah a kan tsauni. Kana iya cewa gayu ne kawai da neman hoto. To, lafiya suka fita nema, kuma sai da suka daure wa abubuwa da yawa kafin ƙafarsu ta saba da wurin.

Mu fara da amfanin. Tun 1982 hukumar kula da gandun daji ta Japan ta fito da abin da ta kira shinrin-yoku, wato mutum ya shiga cikin itatuwa ya yi tafiya a natse, yana shaƙar iska yana sauraron tsuntsaye. Binciken da aka yi ta yi a can ya nuna cewa bugun zuciya da hawan jini da kotisol, sinadarin da jiki ke fitarwa idan mutum na cikin damuwa, suna sauka a daji fiye da a tsakiyar gari.

A 2015 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun raba mutane gida biyu. Wasu suka yi tafiyar minti 90 cikin ciyayi da bishiyoyi, wasu kuma a gefen babban titi mai cunkoson motoci. 'Yan rukunin farko sun dawo da raguwar saƙe-saƙen nan na baƙin ciki, irin wanda ke hana ka barci kana ta juya magana ɗaya a rai. Hoton ƙwaƙwalwarsu ma ya nuna ɓangaren da ke da alaƙa da wannan tunani ya lafa. Sai kuma 2019, lokacin da Jami'ar Exeter ta duba bayanan mutane kusan 20,000 a Ingila, ta gano waɗanda ke samun aƙalla minti 120 a mako cikin wuri mai tsirrai sun fi ba da rahoton ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali. Ko a rana ɗaya ka haɗa su, ko ka rarraba cikin mako, duk ɗaya ne.

Wannan magani ne na kyauta, kuma baƙar fata a Amurka suna cikin masu tsananin buƙatarsa, domin hawan jini ya fi yawa a cikinsu, yana kuma kama su da wuri. Amma su ne aka daɗe ana nesantawa da daji. A zamanin dokokin wariya, gandun Shenandoah da ke jihar Virginia sai da ya ware musu wani ɓangare daban, Lewis Mountain, har zuwa wajen 1950. Dokar ta tafi, kallon bai tafi ba. Ranar 25 ga Mayu, 2020, Christian Cooper, baƙar fata mai sha'awar kallon tsuntsaye, ya roƙi wata mata a lambun Central Park na New York ta ɗaure karenta kamar yadda doka ta ce. Sai ta kira 'yan sanda ta ce wani baƙar fata na yi mata barazana. Ka ga kuwa wanda ke tafiya yana waige, ina zai samu natsuwar da ya fito nema?

Dabarar da suka yi mai sauƙi ce: suka daina zuwa ɗaiɗai. Rue Mapp ta kafa Outdoor Afro a Amurka a 2009. Rhiane Fatinikun ta fara Black Girls Hike a Manchester a 2019. Haroon Mota ya buɗe Muslim Hikers a 2020, lokacin kullen korona. Da mutanensa sama da ɗari suka hau tsaunin Mam Tor ranar Kirsimetin 2021, wasu sun bi hotunan da zagin wariya a Facebook. Ba su fasa ba, sai ma jama'arsu ta ƙaru. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tafiyar rukuni ta rage tsoro, ta kuma yi maganin kaɗaici, wanda shi kansa ciwo ne.

Idan kana karatu a Ingila ko Amurka, ɗan'uwa, kada ka ƙare shekarunka tsakanin ɗaki da aji. Nemi irin waɗannan ƙungiyoyi, duk suna da shafuka.

Mu na gida kuwa, tsoronmu daban ne, kuma na gaske ne. Babu mai hankalin da zai ce ka shiga dajin Rugu ko Kamuku shan iska a halin da ake ciki na 'yan bindiga. Sai dai binciken Exeter ya haɗa har da lambunan cikin gari. Millennium Park a Abuja, layin darbejiya da maɗaci na harabar makarantarku, gonar mangwaron da ke bakin unguwa, duk sun shiga lissafi muddin akwai tsaro.

Don haka ka duba wayarka ka ga awa nawa ta cinye maka a makon nan. Cire biyu daga ciki. Minti 20 bayan asuba ko da la'asar sakaliya, kwana shida, sun cika 120. Ki kira ƙawayenki, ka kira abokanka, ku sanar a gida inda za ku, ku riƙe ruwa, waya kuma ta zauna a aljihu har ku dawo.