Ko Kun Sani? Bikin Rufe Fuska na Birnin Benis

Birnin Benis na ƙasar Italiya, wanda aka gina a kan tsibirai fiye da ɗari kuma jiragen ruwa ne motocinsa, yakan cika maƙil da baƙi na kusan mako biyu kafin azumin Kiristoci na kwana arba'in, domin bikin kanibal, wato shagalin ci da sha da ake yi kafin a shiga kamun baki. Tun a shekarar 1296 majalisar birnin ta mai da jajibirin azumin ranar hutu, sai dai bikin ya dushe bayan Napoleon ya rushe jamhuriyar Benis a 1797, bai kuma farfaɗo ba sai a 1979.

Abin da ya fi cancantar baƙo mai gajeriyar ziyara ya tsaya ya duba shi ne abin rufe fuska, domin a dā shi ne ke ɓoye matsayin mutum har talaka ya zauna da basarake babu wanda ya gane wani. Akwai bauta, farin marufi mai turarriyar haɓa, wanda ke bai wa mai shi damar ci da sha ba tare da ya cire ba, yana kuma sauya masa murya. Akwai kuma moretta, baƙin marufin mata na karammiski, wanda ba shi da maɗauri, sai wani maɓalli a ciki da mace take ciza da haƙoranta, saboda haka muddin tana sanye da shi ba ta iya magana.