Dutsin-Ma Ko Legas: Ina Ya Fi Dacewa Ka Kai Iyalinka?

A ce kai matashin magidanci ne a Kurfi, da mata da yara biyu ƙanana, kuma hanyar neman abinci ta buɗe maka a wuri biyu. Ɗaya a Dutsin-Ma, nan kusa a kan titin da ya taso daga Katsina, garin da ya cika ya batse tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a 2011. Ɗayan kuma a Legas, inda 'yan uwa da ke Agege ko Idi-Araba suke ta cewa ka taho, akwai samu. Yawancinmu lissafin kuɗin shiga da kuɗin haya za mu fara yi. To amma akwai wanda ba a tambayarsa, alhali jikinsa ne zai fi jin canjin, wato yaron da bai kai shekara 5 ba. Bari mu auna garuruwan biyu da ma'auninsa.

Mu fara da sauro

Legas tana samun ruwan sama sama da milimita 1,500 a shekara, kusan ninki biyu na abin da ke sauka a yankin Dutsin-Ma. Ga lambatu ko'ina, ga fadama. Kowa zai zaci can ne zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa. Alƙaluma sun nuna akasin haka. A binciken lafiya na ƙasa na 2018, an samu ƙwayar maleriya a jinin kimanin yara 2 cikin 100 a Jihar Legas, a Jihar Katsina kuwa kusan yaro 1 cikin kowane 4.

Me ya jawo haka? Ba kowane sauro ne ke ɗauke da cutar ba. Mai yaɗa ta, wanda masana ke kira anofilis, ya fi son yin ƙwai a ruwan da ba shi da ƙazanta sosai kuma rana na dukansa, irin ramin da aka haƙi ƙasar bulo, da sawun shanu, da ruwan da ya kwanta a bakin gona ko wurin noman rani. Baƙin ruwan kwata kuwa ya fi haifar da wani sauron daban, mai kuka a kunne da cizo mai ƙaiƙayi, amma ba ya sa maleriya. Ƙari a kan haka, gidaje da yawa a birni suna da silin da raga a taga, kuma wurin gwaji da magani ba ya nisa.

A wajenmu cutar tana zuwa ne a dunƙule, daga tsakiyar damina zuwa kaka. Shi ya sa ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya wata-wata a lokacin damina, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012. Idan Dutsin-Ma ka zaɓa, wannan magani da gidan sauro ba abin wasa ba ne.

Zafi iri biyu ne

A watan Afrilu zafin Dutsin-Ma kan kai digiri 40, amma busasshe ne. Gumi na fita yana bushewa, jiki ya huce, sai dai yaro yana rasa ruwan jikinsa da sauri ba tare da an lura ba. A Legas da wuya ma'auni ya kai haka, amma iskar cike take da laima, gumi ba ya bushewa, jariri ya kwana yana kuka da ƙurajen zafi.

Busasshiyar iskar tamu tana da nata sharrin. Ƙurar hunturu tana busar da hanci da maƙogwaro, ta buɗe wa ƙwayar sanƙarau hanya, musamman a ɗakin da mutane suka cunkushe. Katsina tana cikin jihohin da annobar 2017 ta taɓa. Rigakafi da buɗe taga su ne garkuwa.

Iskar Legas da ruwanta

Nan ne Legas take karɓar kuɗinta. Hayaƙin motoci a cunkoso da na janareta yana ɗauke da ƙananan ɓurɓushi da ido ba ya gani, masu kutsawa har cikin huhu. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa gurɓatar iska ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin 11,200 a Legas a 2018, kuma kashi 60 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Yaro ya fi babba saurin numfashi, ga huhunsa bai gama girma ba. Amma kada ka manta, hayaƙin itace a kicin marar taga, da yaro goye a baya, shi ma illa ce babba ko a Kurfi ne.

Batun ruwan sha kuma, kada sunan gari ya ruɗe ka. Dutsin-Ma tana da Dam ɗin Zobe a kusa, Legas tana zaune a bakin teku, amma a duka biyun gidaje da yawa 'yan ga-ruwa suke jira. A unguwar da ambaliya ke haɗa ruwan masai da na rijiya, amai da gudawa ba ya nisa, kamar yadda aka gani a Legas a watan Yunin 2024.

Abin da ba ya hawa ma'auni

Daga Dutsin-Ma, in yaro ya kwana da zazzaɓi, kakarsa za ta iso daga Kurfi kafin azahar. In matarka ta haihu, akwai mai kula da ita har ta yi arba'in. A Legas wannan gata sai an yi sa'ar maƙwabta. A ɗaya ɓangaren kuma, ba wanda zai ɓoye maka cewa yankinmu ya sha fama da 'yan bindiga, kuma unguwar bayan gari ba ɗaya take da ta tsakiya ba. Yaron da ke kwana cikin fargaba, barcinsa da karatunsa duk suna taɓuwa.

To, wanne za ka ɗauka?

Alƙaluman jiha matsakaici ne, ɗanka kuwa a ɗaki ɗaya zai kwana. Ɗaki mai taga biyu da ruwa mai tsabta a Agege ya fi kango a bakin kududdufi a Dutsin-Ma, haka gida mai iska kusa da asibiti a Dutsin-Ma ya fi ɗakin da janaretan maƙwabci ke huci a ƙofarsa a Legas. Don haka ka riga iyalinka zuwa, in da hali da damina. Ka ga inda ruwa ke kwanciya, ka tambayi daga ina ake ɗebo na sha, ka auna minti nawa ne zuwa asibiti da tsakar dare. Ka zauna da matarka ku yi shawara, domin ita ce za ta wuni a gidan. Ranar tashi kuma, katin rigakafin yara ya riga tukwane shiga jaka.