Bayan dashen hanta: gidan da agogo ke mulki

A gidan da aka yi ma ƙaramin yaro dashen hanta, agogo ne ke tsara yini. Idan lokotoro ya ce ƙarfe takwas na safe da ƙarfe takwas na dare, to haka za a yi, ko ranar kasuwa ce, ko ranar salla, ko ana zaman makoki. Maganin da ake kira takrolimus, wanda aka fara sayarwa cikin shekarun 1990, ana ba yara shi sau biyu a yini, awa 12 tsakani. Aikinsa shi ne ya rage ma garkuwar jiki ƙarfi, don kada ta ɗauki sabuwar hantar a matsayin abokiyar gaba ta far mata. Ba ranar da ake cewa an gama shan shi.

Cutar da ta fi kai jarirai ga wannan aiki ita ce toshewar hanyoyin matsarmama. Alamominta a fili suke: shawara da ta wuce mako biyu bayan haihuwa, fitsari mai duhu, da kashi fari kamar alli. Wani likitan Japan, Moriyo Kasai, ya fito da aikin buɗe hanyar a shekarun 1950, amma ya fi cin nasara idan an yi shi kafin jariri ya cika wata biyu. A nan kuwa, sau da yawa waɗannan makonnin a wajen jiƙo da dauri suke ƙarewa. In hanta ta lalace, sai dashe. Tun 1989, lokacin da wata uwa ta ba ɗanta yankin hantarta a birnin Birisben na Ostareliya, iyaye ne kan ba da tasu, domin hanta tana sake tofowa. Majalisar malaman fiƙihu da ta zauna a Jidda a 1988 ta halatta kyautar, ta haramta ciniki.

Ke nan iyalin da ya dawo daga wannan tafiya da majinyata biyu yake dawowa. Uwar da aka yanka ba ta daka, ba ta jan guga, ba ta ɗaukar kaya mai nauyi har wajen wata biyu. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne goyo: ga ɗinki a cikinta, ga ɗinki a cikin yaron, yana kuka yana miƙo hannu, sai dai ƙanwarta ko kakarsa ta ɗauka.

Ƴan barka

Al'ada ce mai kyau, wanda ya dawo daga jinya a cika masa gida. Amma watanni ukun farko zuwa shida su ne lokacin da magani ya fi yawa, garkuwa kuma ta fi rauni. Murar da babba zai kwana biyu da ita ya warware tana iya mayar da wannan yaro gadon asibiti. Ƙarambau da ƙyanda kuwa babban haɗari ne gare shi. Saboda haka dole wani ya tsaya a zaure ya karɓi gaisuwa, ya hana shiga, kuma wannan aikin maigida ne. Duk wanda ya taɓa ce ma gwaggonsa, wadda ta biya kuɗin mota tun daga ƙauye, ta wanke hannu da sabulu kuma ta tsaya daga bakin ƙofa, ya san nauyin maganar. Za a ce an je waje an koyo girman kai. Gidajen da suka fi samun sauƙi su ne waɗanda suka fara shawo kan kaka, domin in ita ce ta hana, ba mai musu.

Ita kakar ma sai an roƙe ta ta aje nata taimakon. Jiƙo da saiwa suna iya canza yawan maganin a cikin jini, ko su taɓa hantar kanta. Har babban lemon nan mai ɗaci, famfulumus, an hana shi don wannan dalili. Ruwan rijiya da na ƴan ga-ruwa sai an tafasa. Furar da aka dama da ɗanyen nono, salati, da naman da ya jima a bakin titi, duk an raba shi da su, kwanonsa ma daban ne. Wahalar a nan ba ta girki ba ce, ta yayyensa ce, waɗanda ke ganin an ware ɗaya ana lallaɓawa, su kuma ana korar su wanka da zarar sun dawo daga lakwal.

Sai batun rigakafi, wanda ya kamata kowane magidanci ya riƙe. Wasu alluran da ƙwayar cuta mai rai, wadda aka raunana, ake yin su: na ƙyanda, na zazzaɓin shawara, da ɗigon shan-inna da ake bi gida-gida ana ɗiga ma yara a baki. Waɗannan ba a yi ma yaron da aka yi ma dashe sai da izinin likitocinsa. Ɗigon shan-inna ko ƴan'uwansa aka ba, ƙwayar tana fita ta bayan gida ta iso gare shi, shi ya sa ake neman a yi masu na allura. Dole uwa ta sami takarda a hannu da za ta nuna ma ma'aikata, don kada a ɗauke ta cikin masu ƙin rigakafi. Sauran alluran kuwa yana bukatarsu fiye da kowa, haka ma gidan sauro.

Aljihu da littafi

Dangi da abokan kasuwa kan yi karo-karo don kuɗin aiki, kuma suna yi da zuciya ɗaya. Kuɗin bayan aiki ne ba a faye tarawa ba, alhali shi ne ba ya yankewa. Ana awon jini kowane mako da farko, daga baya a riƙa tsawaitawa, kuma da safe ake ɗiba kafin a ba da magani. In magani ya yi kaɗan, jiki ya ƙi hantar. In ya yi yawa, ƙoda ta sha wuya. Gudawa tana sa shi hawa, zafin bazara da ƙarancin shan ruwa suna ƙara ma ƙoda nauyi. Ma'aikacin da albashinsa ya yi jinkiri ba shi da damar ce ma kwalba ta jira ƙarshen wata, don haka masu dabara kan aje na wata biyu ko uku. Ɗan kasuwa kuma, wanda ya saba neman mai rahusa, sai ya danne halinsa: ko kamfani aka canza, sai an sake awo, balle maganin tebur.

Kortizon da ake haɗawa da shi da farko yana kumbura kumatu, yana buɗe ciki. Maƙwabta su ce barka, yaro ya yi ƙiba, ya warke, a sassauta masa. Nan ne tarko yake, domin jiki yana iya fara ƙin hanta ba tare da yaro ya yi ko tari ba, awon jini kaɗai ke nunawa. Shi ya sa a irin waɗannan gidaje ake samun ƙaramin littafi kusa da ma'aunin zafin jiki. A ciki ake rubuta awar magani, nauyin yaro, sakamakon awo, da lambar wayar likita. In zafi ya kai digiri 38, ko idanu suka koma rawaya, ko kashi ya sake yin fari, ba a jiran gari ya waye.