Gyaran Ɗan Ƙaramin Kan Jirgin Ƙasa Bayan Kayan Gyara Sun Yanke

Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai mutane da dama, yara da manya, waɗanda suke sha'awar tara ƙananan jiragen ƙasa. Waɗannan jirage kwaikwayo ne na jiragen gaske, an ƙanƙantar da su bisa ma'auni, suna tafiya a kan siririn dogo da ƙarfin lantarki. A ma'aunin da ake kira OO, wanda ya fi karɓuwa a Ingila, an rage girman jirgi sau 76, tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogon kuwa milimita 16.5 ce.

Daga cikin fitattun jiragen wannan ma'auni akwai Hornby Dublo, waɗanda kamfanin Meccano na birnin Libaful ya fara sayarwa a shekarar 1938. An daina ƙera su a 1964 bayan an sayar da kamfanin, masana'antar kuma ta rufe a 1979. Amma har yau ɗimbin waɗannan jirage suna aiki, alhali masana'antar da za ta ba su kayan gyara babu ita. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda hakan ke yiwuwa, domin kowace dabara ta gyaran tana tsaye ne a kan wata ƙa'ida ta kimiyya wadda ɗalibi ya riga ya gamu da ita a aji.

Yadda kan jirgin yake aiki

Lantarki mai ƙarfin volt 12 yana bi ta dogo ya shiga kan jirgi, ya isa ga wasu ƙananan gawayi guda biyu. Gawayin suna gogar wani zobe na jan ƙarfe mai ɓangarori uku, wanda ke miƙa lantarkin ga naɗin waya guda uku da ke jikin amecha, wato sashen inji da ke juyawa. Da lantarki ya ratsa naɗin, sai ya zama maganaɗisu na ɗan lokaci, ya riƙa ja da turawa da maganaɗisun dindindin da ke kewaye da shi, amecha ta juya. A jikin sandar amecha akwai giya mai kama da sukuru wadda ke tura giyar ƙafafu. Saboda haka idan jirgi ya tsaya, laifin yana ɗayan wurare huɗu: hanyar lantarki, ko naɗin waya, ko maganaɗisu, ko giya.

Ƙwararren mai gyara ba ya fara kwance inji sai ya gano cutar, kamar yadda likita ba ya ba da magani kafin bincike. Da farko yakan goge dogo da ƙafafu, ya wanke tsohon man da ya daskare, domin sau da yawa datti ne kaɗai matsalar. Bayan haka sai ya auna juriyar waya tsakanin kowane ɓangarori biyu na zoben nan. Idan awo ukun sun yi daidai da juna, naɗin lafiya yake. Idan ɗaya ya bambanta, to waya ta ƙone ko ta tsinke.

Maganaɗisun da ya raunana

Maganaɗisun jiragen wancan zamani an yi shi ne da gamin ƙarfe da alminiyam da nikel da kobal. Irin wannan gami yana da wani rauni: idan aka zare shi daga ƙarafan da ke zagaye da shi, nan take yakan rasa wani kaso na ƙarfinsa. Ke nan mai gyara marar sani zai iya lalata inji ta hanyar kwance shi kawai domin wankewa.

Illar raunin maganaɗisu ta wuce rashin gudu. Ƙarfin juyawar inji ya dogara ne ga abu biyu, ƙarfin maganaɗisu da yawan lantarkin da ke bin waya. Idan na farko ya ragu, dole inji ya ja lantarki da yawa kafin ya ja nauyin da ya saba, waya ta yi zafi, fentin da ke rufe ta ya ƙone. Magani iri biyu ne. Ko dai a sa injin, ba tare da an kwance shi ba, cikin na'ura mai babban naɗin waya wadda ke maido wa maganaɗisu ƙarfinsa, ko kuma a musanya shi da na zamani mai sinadarin niyodimiyam, wanda aka ƙirƙiro a Japan da Amurka a farkon shekarun 1980. Sai dai wannan sabon yana da ƙarfi ainun, in ya yi yawa yakan fizgi sandar amecha har mazauninta ya cinye.

Naɗin waya da gawayi

Idan naɗi ya ƙone, ana sake shi da hannu, kamar yadda masu gyaran fanka da injin ban ruwa suke yi a kasuwanninmu. Sharaɗi uku ne: a ƙirga zagayen tsohuwar waya yayin warware ta, a sami sabuwa mai kaurinta daidai, a kuma naɗa duka ukun ta fuska guda. Gawayin da ya cinye kuwa, ana samun nasa daga gawayin wani inji da ya fi girma, a goge shi da magagari har ya shiga gurbinsa. Bakin fensir ba ya maye gurbinsa na tsawon lokaci, domin an gauraya shi da yumɓu, yumɓu kuma yana kankare zoben jan ƙarfe.

Cutar tutiya

Akwai wata cuta da ba ta jin magani. Gangar jikin jiragen da ƙafafunsu an zuba su ne da gamin tutiya mai ɗauke da alminiyam kimanin kashi 4 cikin ɗari. Idan dalma ta shiga gamin lokacin narkarwa, ko da kaɗan ce, takan taru a tsakanin ƙwayoyin ƙarfen. Da laima ta shiga, sai waɗannan iyakoki su fara ruɓewa daga ciki, ƙarfen ya kumbura, ya tsattsage, daga bisani ya marmashe kamar busasshiyar ƙasa. Saboda haka ne aka ƙayyade cewa kada dalma ta wuce kashi 0.005 cikin ɗari. A 1929 kamfanin New Jersey Zinc na Amurka ya fito da gami mai suna Zamak, wanda aka yi da tutiya mai tsarkin kashi 99.99 cikin ɗari, amma masana'antu ba su kiyaye wannan tsafta nan da nan ba. Shi ya sa cutar ta fi kama kayan da aka ƙera kafin Yaƙin Duniya na Biyu.

Ajiye kaya a busasshen wuri yana jinkirta ruɓewar, amma ba ya tsayar da ita, gam kuma ba ya hana kumburi. Dole a sake sashen. Wasu sukan ciro shi daga wani jirgi irinsa da ya mutu, tamkar dashen gaɓa daga jiki zuwa jiki. Wasu kuma sukan ari lafiyayyen sashe, su ɗauki siffarsa da robar silikon, su zuba sabo a cikin ramin, dabarar da ba ta da nisa da ta masu zubin tukwanen alminiyam a cikin yashi.

Giya da lissafi

Jiragen da aka ƙera daga baya suna da tasu matsalar. Giyarsu ta roba ce, an cusa ta da ƙarfi a kan sandar ƙarfe. A hankali robar takan tsuke, sandar kuwa ba ta tsukewa, sai giya ta tsage, jirgi ya riƙa ƙas-ƙas yana ɗingishi. Mai neman madadinta ba ya bukatar sunan kamfani, lissafi yake bukata. Zai ƙirga haƙora, ya ƙara 2, ya raba faɗin giyar da abin da ya samu. Alal misali, giya mai haƙora 20 da faɗin milimita 11 tana ba da 0.5, wannan adadi shi ne ma'aunin girman haƙorinta. Duk wata giya mai miƙaƙƙun haƙora da ta yi daidai da ita a wannan ma'auni da yawan haƙora za ta iya aiki, ko daga tsohuwar na'urar buga takarda aka ciro ta. A yau kuma ana zana giyar a kwamfuta, na'ura mai gina abu hawa-hawa da roba ta fitar da ita.

Kammalawa

Abin da ya haɗa waɗannan dabaru shi ne mai gyara yana tambayar aikin da sashe yake yi da dalilin lalacewarsa, sa'an nan ya nemi abin da zai yi wannan aiki. A ɗakunan gwaje-gwaje na makarantu da yawa akwai madubin ƙara girma da ma'aunai da ƙananan injuna da aka jingine saboda giya ɗaya ko gawayi ɗaya. Malamin kimiyya zai iya ɗauko ɗaya daga ciki, bayan ya tabbatar an cire shi daga wutar lantarki, ya sa ɗalibai su auna, su ƙirga, su zana, su gano inda cutar take. Ko na'urar ba ta tashi ba, ɗalibai sun ga maganaɗisu da juriyar waya da lissafin giya da idonsu, gani kuwa ya kori ji.